Burodin jiya ba shara ba ne, a soya shi da ƙwai a ba yara

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo gidajenmu a hankali wadda ni dai kam tana ci min tuwo a ƙwarya, wato zubar da burodi. A sayo burodi yau, a ci rabi da shayi, a ɗaure bakin ledar a ɗora a saman firiji, gobe a taɓa a ji ya ɗan yi tauri sai a ce ai ya kwana yara ba za su ci ba, jibi sai ka gan shi a kwandon shara ko an watsa wa kaji in gidan da kaji. Kuma fa gidan da ake wannan shi ne dai gidan da in tuwo ya kwana ba mai kawo tunanin zubarwa, da asuba za a ɗora ɗumame kowa ya ci ya lashe hannu, ƙanzon gindin tukunya ma sai an kankare an shanya an yi kwaɗo da shi. To shi burodi me ya yi mana? Ba da kuɗi aka sayo shi ba?

Abin da nake so in kare a nan shi ne wannan abincin da masu girkin intanet suke kira French toast, wato a tsoma burodi cikin ƙwai da madara a soya. Na san da jin sunan wasu za su ce ga ta nan 'yar gayu ta zo koya mana cin abincin Turawa alhali mutane na fama da abin kaiwa bakin salati. Ban ga laifinsu ba, don yadda ake nuna shi a Instagram da TikTok dole mutum ya ɗauka na masu hali ne, faranti fari ƙal, an barbaɗa garin suga, an jera 'ya'yan itace a gefe, an kwarara wani ruwan zaƙi na kwalba da ake shigo da shi daga Kanada, ana ci da wuƙa da cokali mai yatsu. Amma duk wannan ado ne aka ɗora masa daga baya. Asalinsa abincin tattali ne, na gidan da ba a yarda gutsuren burodi ya salwanta ba, kuma a halin da ake ciki yanzu gidan talaka ya fi gidan mai kuɗi buƙatarsa nesa ba kusa ba.

Ko da yake sunan yana nufin gasasshen burodin Faransawa, ba ma su ne suka fara shi ba. A wani tsohon littafin girki na Rumawa da ake jingina wa wani mai suna Apicius, wanda aka tattara wajen ƙarni na 4 zuwa na 5 miladiyya, akwai bayanin a jiƙa burodi da madara a soya a mai a zuba masa zuma. A Sifaniya suna da torrijas da suke yi a makon Ista, a Fotugal da Birazil suna da rabanadas na lokacin Kirsimeti, a birnin Hyderabad na Indiya kuma akwai double ka meetha, soyayyen burodi da ake jiƙawa da madara da suga da kayan ƙamshi, ana ci a biki da azumi da sallah. Duk inda burodi ya zama abincin yau da gobe, mutanen wurin sun nemo yadda za su ceci wanda ya kwana. Mu ma ai mun yi da gurasa, wanda ya san Kano ya san bandashe, a jiƙa gurasa ta yi laushi a zuba garin ƙuli da man gyaɗa da yaji da albasa. Burodin leda ne kawai muka karɓa hannu biyu ba mu tsaya mun nema masa irin wannan dabarar ba.

Ku duba kuma me ke cikin ledar nan da muke jefarwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Najeriya daga waje ake shigo da ita, da dala ake biya. Ana noma alkama a Kadawa da kwarin Haɗeja da Kebbi da gefen tafkin Chadi in sanyi ya shigo, amma ba ta kai ko'ina ba in aka kwatanta da abin da gidajen fulawa ke niƙawa. Gwamnatin Babangida ta taɓa hana shigo da alkama a 1987 don a noma a gida, zuwa 1992 dole aka janye. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu fitar da alkama a duniya, farashi ya tashi har ya iso teburin mai shayin unguwarmu. Sai ga cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, sai ga naira ta zube, mai gidan burodi ya sayi fulawa da tsada, suga da tsada, dizal da tsada, leda ma da tsada, ƙarshe ko dai ya ƙara kuɗi ko ya rage girman burodin, da yawa ma duka biyun suka yi. To burodin da ya ratso duk wannan ya iso hannunka, kuma gumin maigida ne ko na uwar da ta yi kitso ko ɗinki ta haɗa kuɗin, shi ne za a ce don ya ɗan bushe an yafe shi?

Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kusan kashi 60 cikin 100 a cikin gidaje ne aka zubar, ba a otal ko kasuwa ba. Mukan ɗauka wannan matsalar Amurka da Ingila ce, amma kowa ya leƙa kwandon sharar gidansu da gaskiya zai ga namu kason. Kuma mu ne muke karanta Suratul A'araf aya ta 31 inda aka ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna, muke karanta Suratul Isra'i inda aka kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. In ana maganar almubazzaranci hankalinmu kan tafi ne kan manyan bukukuwa da liƙin kuɗi, ba ma kawo rabin burodin da ke saman firijinmu.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, burodin da ya yi tauri ba lalacewa ya yi ba. Sitacin da ke cikinsa ne yake sake ɗaurewa bayan ya huce, damshin cikin kuma yana barin tsakiyar, shi ya sa yake tauri yana marmashewa. Da ya ji zafi da ɗan ruwa sai ya saki. Kuma saka shi a firiji ba ya hana wannan, ƙara masa sauri ma yake yi, in ana so ya daɗe to firiza ce, ita ma sai in ana samun wuta, mu kuwa mun san halin wutarmu. Da hunturu ma abin ya fi, a buɗe leda da safe kafin la'asar iska ta busar da shi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai sun fi mu sanin wannan, don dogon burodin nan irin na Faransa da suke ci ba mai ba suga a cikinsa, kwana ɗaya ya ishe shi ya zama sai da haƙori mai ƙarfi. Kuma abin daɗin shi ne busasshen ne ma ya fi dacewa da wannan suyar, don yana shan ruwan ƙwan ba tare da ya narke a hannu ba. Sabon burodi mai laushi kana tsomawa zai saɓule ya kakkarye kafin ya kai kasko.

Ga yadda nake yi, kuma ba abin da ba a samu a shagon bakin layi. Ƙwai biyu a fasa a kwano mai faɗi, a zuba madara kamar rabin kofi, in ta gari ce a dama cokali biyu da ruwa, in ta gwangwani ce a ɗan sirka, in Allah ya sa kina samun madarar shanu a tafasa ta ta huce. Gishiri ɗan kaɗan tsakanin yatsu biyu, wannan kada a manta shi don shi ke fito da ɗanɗanon, suga cokali ɗaya ya isa, sai ɗan garin kirfa ko citta ko gyaɗar ƙamshi don kashe ƙarnin ƙwai. A kaɗa sosai har farin ya haɗe da gwaiduwar, in ba haka ba za ki ga fari-fari a jikin burodin kamar an manna wainar ƙwai. Burodin a yanka shi da kauri, kamar faɗin babban yatsa, kada a yi siriri.

Sai a ɗora kasko a wuta kaɗan-kaɗan, a nan ne mutane suke ɓata shi. In wuta ta yi yawa bayan zai ƙone cikin yana ɗanye, ki gutsura ki ga ƙwai yana malala, wannan kuma ba daɗi ba lafiya. In a kurfoti ne a bari garwashin ya kwanta tukuna. Mai ɗan kaɗan ne, shafawa kawai, ba suyar ƙosai ba ce, in akwai bota a haɗa da ɗan man gyaɗa don bota ita kaɗai saurin ƙonewa take, man shanu kuwa wallahi ƙamshinsa ya fi na bota a nan. A tsoma yanka ɗaya, a juya, a ɗaga a bari ya ɗiga, in irin burodinmu mai laushi ne tsomawa ɗaya ta isa, in ya bushe ƙwarai a bar shi ya ɗan sha. Da ya sauka a kasko za ki ji ya yi wannan 'yar ƙarar a hankali, gefen ya fara kumfa ƙanana, kada ki taɓa shi kada ki danna da cokali, bayan minti biyu ko uku ki ɗaga gefe ki leƙa, in ya yi ja-ja mai ɗige-ɗigen ruwan ƙasa ki juya. Idan kika latsa tsakiyar da yatsa ya taso bai fitar da ruwa ba to ya yi. Ƙwai biyun nan suna ɗaukar yanka biyar har shida. Daga fasa ƙwai zuwa saukewa kafin ruwan shayi ya gama tafasa an kusa gamawa.

Wanda ba ya son zaƙi da safe, kamar yawancin iyayenmu maza, a cire sugan, a jajjaga albasa da attaruhu ƙanana a zuba a ƙwan da ɗan ɗunƙule, haka ma ake yi a Indiya. Ni ma wannan na fi so.

Yanzu maganar da na san za a yi min, kuma gaskiya ce, ƙwai ma ai ya yi tsada. Ya yi, kiret ya ninka ya sake ninkawa cikin 'yan shekarun nan saboda masara da waken suya da ake haɗa abincin kaji da su sun tashi, masu kiwo da yawa sun rufe. Akwai gidajen da ƙwai biyu da safe ma ba zai samu ba, kuma ba zan zauna a nan in yi musu wa'azin madara ba, Allah ya kawo mana sauƙi. Amma akwai gidaje da yawa a tsakiya, waɗanda suke iya sayen ƙwai biyu ba sa iya sayen shida, su nake wa magana. In kina da yara huɗu kika soya ƙwai biyu waina kika ce a raba, kin san rigimar da za a yi, wannan ya ce na wancan ya fi, ƙaramin ya fashe da kuka. In kika kaɗa su da madara kika tsoma burodi kowa ya samu yankansa cikakke, ba wanda zai ce an cuce shi. Ƙwai ɗaya yana da furotin kamar giram 6, ba wani yawa ba ne in an raba, amma ya fi gayan burodi da ruwan bunu da yaro zai sha ƙarfe goma ba ta yi ba cikinsa ya fara kuka a aji.

Kuma a lissafa abin da ake kashewa in ba a karya a gida ba. A ba yaro kuɗi a hannu a ce ka sayi wani abu a makaranta, me zai saya? Biskit da alawa da lemon leda mai kala. Kuɗin sun tafi, cikin bai cika ba, haƙori na lalacewa. Malaman firamare da yawa za su gaya maka sun san yaron da bai karya ba tun daga yadda yake kwantar da kai a benci.

Inda nake tare da masu suka ɗari bisa ɗari shi ne wajen suga. Irin wanda ake nunawa a bidiyo, a zuba suga a ƙwai, a soya, a barbaɗa wani sugan, a kwarara madara mai kauri ta gwangwani, a ƙara cakulan, wannan ba karin kumallo ba ne, kayan zaƙi ne, kuma ba na goyon bayan a saba wa yaro da shi kullum. Burodinmu dama da sugansa ya zo, shayin da za a sha da shi ma an zuba cokali uku. Hukumar lafiya ta duniya a shawararta ta 2015 ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, in ma an mai da shi ƙasa da kashi 5 ya fi, wato kamar giram 25, cokalin shayi 6 kenan ga babba a yini guda. Ga ciwon suga ya cika gidaje, kusan kowa yana da ɗan'uwa mai shi. Don haka in an sa a ƙwan kada a ƙara a sama, in ana son ɗan zaƙi a yanka ayaba a ɗora, ko ɗigon zuma, ko a shafa tunkuza wadda ita ma ƙarin gina jiki ce.

Wata yayata ta ce min, ke yanzu so kike mu bar koko da ƙosai mu koma wannan? Na ce mata Yaya ko kusa. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, waina, ɗanwake, fura, waɗannan daga gero da wake da gyaɗar gonakinmu suke, kuɗin yana komawa wajen manominmu da matar da ke suya a ƙofar gida, kuma wake ya fi farar fulawa amfani a jiki ba ma a haɗa. Da za a tambaye ni, burodin ma mu rage saye. Ban ce a je a sayo burodi don a yi wannan ba, cewa na yi wanda aka riga aka saya ya kwana kada a zubar. Kuma mu faɗi gaskiya, ƙosai yana son jiƙa wake da surfe da kai niƙa, ba kullum uwar da za ta fita aiki ƙarfe bakwai take da wannan lokacin ba, ranar da bai samu ba gara wannan da a tura yaro haka nan.

Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa, bushewa daban funfuna daban. In kika ga ɗigon kore ko baƙi ko fari mai gashi-gashi a jikin burodi, ko kika ji yana wari ko cikinsa yana yauƙi, wannan ya tafi, kada a yanke wurin a ce sauran lafiya lau ne. Burodi abu ne mai laushi da ƙofofi, funfunar tana ratsawa ciki inda ido ba ya gani, kuma wasu nau'o'inta suna fitar da dafin da suya ba ta kashewa. Da damina ko lokacin zafi in leda ta yi gumi kwana biyu zuwa uku ya isa ya fara. Tattali bai kai a ba yaro abin da zai kwantar da shi ba. In kin san ba za a cinye ba, ki yanka tun yau ki baza a tire ki rufe da ƙyalle mai tsabta ya sha iska, busasshe ya fi jure ajiya a kan wanda ke gumi a leda.

Sannan don Allah a koya wa yara maza. Wannan yana cikin girki mafi sauƙi da yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya yi in babba na kusa, fasa ƙwai, kaɗawa, tsomawa, juyawa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne duk teburin mai shayi a garin nan namiji ne ke tsaye yana kaɗa ƙwai a kofi yana soyawa yana tura shi cikin burodi, ba wanda ya taɓa cewa ya zubar da girmansa, amma a cikin gida sai a ce namiji ba ya shiga kicin. Ranar da uwa ta kwanta rashin lafiya ko ta haihu sai gida ya tsaya cak, ƙattin samari na zaune suna jiran ƙanwarsu 'yar shekara tara ta ɗora musu ruwa. Ɗalibin da zai tafi jami'a ko kwaleji ya zauna a hostel, in ya iya wannan ya rage dogaro da taliyar leda safe da dare. Iyaye maza ma ranar Asabar ku gwada ku yi wa iyalinku, ba zai ɗauke ku minti ashirin ba.

Masu gidajen burodi da masu shaguna su ma akwai nasu. Burodin da bai ƙare ba jiya, wasu mayarwa ake yi, wasu a sayar wa masu kiwo, wasu kuma, kowa ya sani, a cusa shi cikin na yau a sayar a kuɗi ɗaya mai saye sai ya je gida ya gane. Me zai hana a ware shi a gefe a faɗi gaskiya, wannan na jiya ne, a rage kuɗin? Akwai iyaye da yawa da za su saya da murnarsu in sun san abin da za su yi da shi, mai shago bai yi asara ba, bai kuma ci haƙƙin kowa ba. Kuma a riƙa buga ranar da aka gasa a jikin leda yadda ido zai gani, don uwa ta san na jiya ne take saye ko na shekaranjiya.